Kasala, jin sanyi da zubewar gashi wata takwas bayan haihuwa: me takardar gwajin nan take nufi?

'Yar Gwammaja ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya a taimaka mini da bayani a kan ƙanwata. Shekarunta 29, haihuwarta uku, na goyon yanzu watansa takwas. Tun wajen wata huɗu da haihuwar jikinta ya ƙi komawa daidai. Kullum kasala, ta kwana tana barci ta tashi kamar wadda ta yini tana surfe. A wannan zafin na Afrilu da kowa ya fito da tabarma tsakar gida, ita kashe fanka take yi ta ja mayafi. Fuskarta ta kumbura, musamman ƙasan ido da safe, muryarta ta dushe, in an zo yi mata kitso mataji cike yake da gashi. Bayan gida sai ta kwana uku ko huɗu. Ta ƙara jiki alhali ba wani cin kirki take yi ba.

An yi mata maganin taifot sau biyu, na maleriya kuwa ba a magana. A gida an ce sanyi ne, an jiƙa mata saiwoyi. Makon jiya wani likita ya taɓa wuyanta ya ce a yi gwajin tayirod. Takardar ta fito: TSH 38, a gefe an rubuta 0.4 zuwa 4.0. FT4 kuma 6, a gefe 12 zuwa 22. Ranar komawarmu sai mako mai zuwa, hankalina bai kwanta ba.

Me wannan yake nufi? In ƙarancin aiki ne, me ya sa lamba ɗaya ta hau sama haka? Me ke kawo shi, ko rashin gishiri mai aidin ne? Kuma za ta iya ci gaba da shayarwa?

Likitan Cikin Gari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Hajiya sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ta lafiya. Takardar nan ba ta bar kokwanto ba, tayirod ɗinta ce ta gaza, kuma abu ne mai magani.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ta rungume bututun numfashi hagu da dama, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikai. Nauyinta wajen giram 20 ne a babban mutum. Aikinta ta tsamo aidin daga cikin jini ta haɗa homon guda biyu, wato sinadaran da jini ke kai wa sassan jiki su tafiyar da aikinsu, T4 da T3. Lambar 4 da 3 ɗin ma adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowanne. T4 take fitarwa da yawa, hanta da ƙoda da sauran sassan jiki su mayar da shi T3, wanda shi ne mai aikin gaske. Wannan homon shi ke iza wutar jiki. In ya yi ƙasa, komai sai ya koma tafiyar hawainiya.

Shi kuwa TSH ba daga wuya yake fitowa ba. Wata 'yar halitta ce a gindin ƙwaƙwalwa, girmanta kamar ƙwayar wake, ake kira fituwitari, ita ke aiko shi ya umarci tayirod ta yi aiki. Ki ɗauke shi a matsayin tsawar mai jaki. Jaki na tafiya daidai, tsawa kaɗan ce. Jaki ya gaji ya tsaya, sai tsawa ta yi yawa. To 38 ɗin nan tsawa ce, 6 ɗin FT4 kuma, wato T4 ɗin da ke yawo a sake cikin jini, tafiyar jakin ce. Tsawa ta yi sama, tafiya ta yi ƙasa, laifin yana wuya ke nan.

Duk abin da kika lissafa daga nan ya taso. Jiki ba ya ƙona abinci ya samar da ɗumi yadda ya saba, shi ne jin sanyin da rashin gumi. Hanji ya rage motsi, bayan gida ya yi tauri. Zuciya ta rage gudu, in an ƙirga bugun a wuyan hannu sau da yawa ba ya kai 60 a minti. Kumburin fuskar ba irin na ciwon ƙoda ba ne: wani abu ne mai yauƙi ke taruwa a ƙarƙashin fata yana riƙe ruwa, shi ya sa in kin danna da yatsa ba ya barin rami. Shi ne dai ke taruwa a igiyoyin murya ta dushe, ya kaurara harshe a fara minshari, ya matse jijiyar wuyan hannu har babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa mutuwa cikin dare. Fata ta bushe ta yi kaushi, faso ya tsage dunduniya ko ba hunturu, gashi ya karye, wani lokaci har ƙarshen gira ta wajen kunne ya zube. Akwai mantuwa, nauyin magana, ɗaurewar tsokar ƙafa, da baƙin ciki marar dalili, wanda a mace mai goyo ake ɗora wa wahalar yara ko zaman gidan miji. Kolestarol yana hawa, jini yana iya yin ƙasa.

Maganar ƙiba kuma a rage zuzuta ta. Abin da ciwon ke ƙarawa yawanci kilo 2 zuwa 5 ne, akasarinsa ruwa da gishiri. Wadda ta ƙara kilo 20 kada ta ɗora wa tayirod duka.

Abin da ke sa ciwon nan ya daɗe ba a gano shi ba, a hankali yake shigowa, wata da watanni, kuma babu alama ɗaya da za a ce tasa ce shi kaɗai. 'Yan gida da ke ganin mutum kullum su ne na ƙarshen lura, baƙon da ya yi shekara bai gan ta ba shi zai ce fuskar nan ta canja. A nan Kano kuwa duk mai kasala taifot ake fara laƙaba masa. Taifot zazzaɓi ne, ma'aunin zafi zai nuna. Mutumin da ya yi wata huɗu yana jin sanyi, jikinsa kuma ba zafi, ba taifot ke damunsa ba, ko me gwajin Widal ya ce.

Dalilai kuma, guda biyu ne suka fi kama da nata. Na farko kumburin tayirod na bayan haihuwa. Lokacin ciki garkuwar jiki tana lafawa don kada ta taɓa ɗan tayi, bayan an sauka sai ta dawo da ƙarfi, a wasu matan ta afka wa tayirod. Wajen mace 5 cikin 100 abin ke samu. Yakan fara da 'yan makonni na bugun zuciya, gumi da rama tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, saboda homon ɗin da ke ajiye ya tsiyaye cikin jini, sannan rumbu ya koma wayam a shiga ƙarancin tsakanin wata huɗu zuwa takwas. Ki tambaye ta ko ta ga wancan matakin. Yawancinsu suna warwarewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma wajen ɗaya cikin biyar ko fiye abin yana zame musu na dindindin.

Na biyu ciwon Hashimoto, sunan likitan Japan ɗin da ya bayyana shi a 1912. Shi ma garkuwar jiki ce ke cinye tayirod a hankali, sai dai ba ya komawa. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, yana bin dangi, kuma yana tafiya da ciwon suga irin na yara da ciwon da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari. A wuraren da gishiri mai aidin ya wadata shi ne kan gaba. Gwajin anti-TPO yana nuna hannun garkuwar jiki a ciki, amma yakan fito a duka biyun, don haka lokaci ne ke raba gardama: bayan wata 6 zuwa 12 likita ya rage maganin ya ga ko wuyan zai ɗauki aikinsa.

Sauran dalilan a taƙaice: rashin aidin, tiyatar cire maƙoƙo, maganin aidin mai tururin nukiliya da ake ba masu yawan aikin tayirod, gashin da ake yi wa masu ciwon daji a wuya, da wasu magunguna, irin su amiodarone na zuciya, lithium na masu taɓin hankali, da carbimazole na masu yawan aikin tayirod in ya yi yawa.

Shayarwa ta ci gaba abinta. Maganin irin homon ɗin jikinta ne, ba ya cutar da yaro, hasali ma nono ya fi zuwa in an gyara ƙarancin.

Ungozomar Kurna ta rubuta:

Dakta ya gama magana a kan takardar. Ni ta ɓangaren haihuwa zan ƙara, don ba ita kaɗai za ta karanta wannan ba.

Yaya, tambaya uku nake so ki amsa. Ta zubar da jini da yawa ranar haihuwar, har ta suma ko aka yi mata ƙarin jini? Nono ya zo? Al'ada ta dawo? Dalilin tambayar, akwai wani nau'in ciwon da ake kira Sheehan. Fituwitarin da Dakta ya ambata tana ƙara girma lokacin ciki, tana buƙatar jini sosai. In mace ta yi mummunar zubar jini awon jininta ya faɗi warwas, sai wani sashe nata ya mutu. Alamar farko nono ya ƙi zuwa sam. Daga nan al'ada ta ɗauke ko bayan yaye, gashin hammata da na gaba ya zube, mace ta yi fari fat, jiri in ta miƙe tsaye, suga yana faɗuwa. Wata sai ta shekara goma a haka ana cewa iska ce ko sammu. A inda ake yawan haihuwa a gida kamar wajenmu, ba baƙon abu ba ne.

A Sheehan takardar daban take fitowa: FT4 a ƙasa, TSH kuma a ƙasa ko a tsakiya kamar lafiya lau, tunda mai tsawar ne ya kwanta. Shi ya sa wadda ta yi zubar jini ba a yi mata TSH shi kaɗai, za a ce mata ƙalau take alhali ba haka ba ne. Kuma irin wannan ba a fara mata maganin tayirod sai an auna kotisol, wani homon da shi ma fituwitari ke ba da umarnin fitar da shi, in ya yi ƙasa a fara ba ta hydrocortisone tukuna. In aka juya tsarin, an iza wutar jiki babu homon ɗin da ke riƙe awon jini, tana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Na ƙanwarki da TSH ya kai 38 bai yi kama da wannan ba, amma a faɗa wa likita tarihin haihuwar duk da haka.

Sai maganar wani cikin. Ta dakata har gwaji ya daidaita. Ƙarancin homon ɗin nan yana hana ƙwai fita, yana sa al'ada ta yi yawa da gudaji ko ta rikice, yana kawo ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jinin masu ciki. Wata ma sai ta ga ruwan nono alhali ba ta goyo. Duk matar da ake ta ɗaura wa laya saboda ɓari a kai a kai ko shiru shekara da shekaru, a haɗa da TSH cikin gwaje-gwajenta. A watanni ukun farko ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki, da homon ɗin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Don haka mai shan magani ranar da ta tabbatar da ciki ba dainawa za ta yi ba, ƙari ake yi, wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, wato kamar ƙarin ƙwaya biyu a mako, sannan gwaji duk mako huɗu har tsakiyar cikin. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo kuma a raba lokacinta da maganin.

Jarirai ma ana haifarsu da shi, wajen ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. A Ingila da Amurka kowane jariri ana ɗigar jini daga dunduniyarsa a kwanakin farko, a yawancin asibitocinmu kuwa sai an nema. To a sa ido: shawarar da ta wuce mako biyu ba ta washe ba, jaririn da ba ya kuka sai barci har sai an tashe shi shan nono, kuka a dushe, harshe a waje, ciki a kumbure da cibiya ta bulluƙo, kashi sai an yi da gaske, maɗiga mai faɗi. Kakanni su ce yaro ne mai haƙuri. Wannan haƙurin a kai shi asibitin Hasiya Bayero ko na Malam Aminu Kano a duba. In an fara magani cikin mako biyun farko yaro yana tashi da basirarsa cif, in aka yi watanni abin da ƙwaƙwalwa ta rasa ba ya dawowa.

'Yar Gwammaja ta rubuta:

Na gode Dakta, na gode Anti, Allah Ya saka da alheri. A asibiti ta haihu, ba a yi mata ƙarin jini ba, nono ya zo amma ya ragu yanzu, al'ada ta dawo wata biyu da suka wuce da yawa sosai. Ta ce tabbas bayan arba'in ta yi ta fama da faɗuwar gaba da gumi, muka ɗauka ruwan jego ne. Gwaggonmu tana da maƙoƙo. Yanzu wasu na cewa ta bar fura da kunun gero, wasu na cewa a sayo mata ƙwayar aidin. Yaya gaskiyar abin?

Malamin Abinci ya rubuta:

Hajiya kada a sayo mata ƙwayar aidin. Wadda garkuwar jiki ce ta taɓa mata wuya, aidin mai yawa ƙara toshe tayirod yake yi. Aidin ɗin da ake shafa wa ciwo kuwa ba na sha ba ne ko ɗigo ɗaya.

Buƙatar babban mutum maikirogiram 150 ce a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Mu nan nesa muke da teku, hatsinmu da ganyenmu ba su da shi sosai, shi ya sa a da maƙoƙo ya yi yawa a wasu yankunan. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya, kuma abin ya rage maƙoƙo ƙwarai. Lissafin mai sauƙi ne: gishirin da ke da kashi 30 cikin miliyan, giram 5 nasa, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, yana ba da 150 ɗin nan. Ba sai an ƙara gishiri a miya ba, masu hawan jini su ji da kyau.

Inda ake asara shi ne wajen ajiya. Gishirin da aka juye a daro a kasuwa, rana na dukansa ana aunawa da gwangwani, aidin ɗinsa yana raguwa, haka wanda ya sha danshi a damina. A sayi na leda a rufe mai lambar NAFDAC, a juye a roba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, a zuba shi gab da sauke tukunya. Manda da kanwa ba a sa musu aidin, ba sa maye gurbinsa. Kifin teku, ƙwai, nono da madara suna taimakawa. Kifin ruwan daɗi bai kai na teku ba.

Maganar gero akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ja ta da nisa. Gero yana da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin sarrafa aidin, kuma an ga hakan a Darfur ta Sudan, a ƙauyukan da gero ne ci safe da dare ga kuma rashin aidin. Haka rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ya tsumu ba, an ga illarsa a Kwango. Sharaɗin a duka biyun shi ne rashin aidin. Mai cin gishiri mai aidin ba furar rana ce za ta kashe mata wuya ba, balle wadda za ta riƙa samun homon ɗin a ƙwaya. Kabeji ma da ake ta tsoratarwa da shi, dafa shi yana rage abin. Ta sha furarta, mai goyo ce.

Shi kuma maƙoƙon gwaggo, kumburin wuya ba ya faɗin ko aikin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, da yawa ma aikinsu daidai yake. Sai gwaji. Abin da ba a jira da shi: ƙullutun da ke girma da sauri, mai tauri kamar dutse, ko ya zo da dushewar murya, wahalar haɗiya ko shaƙewa in an kwanta. Wannan sikanin wuya ake yi, a tsotsi kaɗan da allura a duba. Kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin, tsokar nan cike take da jijiyoyin jini.

Mai Kemis a Zoo Road ya rubuta:

Ranki ya daɗe, tunda da wuya a ce ba za a rubuta mata magani ba, ga yadda ake shansa, don yawancin waɗanda ke cewa ba ya yi musu aiki a nan suke kuskure.

Sunansa levothyroxine, za ki gan shi da sunaye irin su Euthyrox ko Eltroxin, ƙwayar 25, 50 ko 100. Maikirogiram ne, ba miligiram ba. Ga matashi mai lafiyar zuciya cikakken awo wajen 1.6 ne a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 65 zai tashi a wajen 100 a rana, ko da yake a irin na bayan haihuwa likita yakan fara da ƙasa da haka. Dattijo ko mai ciwon zuciya da 25 ake farawa, wani ma rabinta, a riƙa ƙarawa a hankali, don zuciyar da ta saba da tafiyar sannu in aka zabure ta ciwon ƙirji ke biyo baya. Saboda haka ba maganin da za a ara daga maƙwabciya ba ne.

Ciki wayam ake shansa, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a sa komai a baki. Mu Allah Ya sauƙaƙa mana: ta ajiye shi kusa da dadduma, ta sha in ta tashi sallar asuba, kafin a dama koko lokaci ya cika. Shayi da madara, kofi, koko, awara da madarar waken soya duk suna rage shigarsa jini in aka haɗa. Ƙwayar ƙarin jini, kalsiyam, da farin ruwan maganin olsa kama shi suke yi a hanji su fita da shi, tsakaninsu awa 4. Tunda al'adarta ta yi yawa da alama za a haɗa mata da na ƙarin jini, to shi ta mayar da shi bayan azahar ko dare. Masu shan omeprazole kullum, ko rifampicin na tarin fuka, ko carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, su faɗa wa likita, awonsu yakan buƙaci ƙari.

Ba a jin canji a kwana biyu. Maganin yana daɗewa a jiki, sai wajen mako guda rabinsa ke fita, don haka sai an yi mako biyu zuwa uku kasala ke fara sakin mutum, fata da gashi kuma watanni. Gashin ma yakan ƙara zuba a farko kafin ya tsaya, kada ta tsorata. Ana maimaita TSH bayan mako 6 zuwa 8, ba kafin nan ba, a gyara awo da 12.5 ko 25. In ya daidaita sai duk wata shida ko shekara. In ta manta da safe ta sha in ta tuna, ranar ɗaya ba ta rushe komai.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. A ji sauƙi a ajiye magani, bayan wata biyu komai ya dawo. Mai Hashimoto da wanda aka cire wa tayirod shansa har ƙarshen rayuwa ne, dainawa kuma ko ga mai na bayan haihuwa likita ne ke gwadawa da takarda a hannu. Na biyu a ƙara da kai don a rame. Abin da ke biyo baya bugun zuciya, karkarwar hannu, rashin barci, gudawa, a daɗe kuma ƙashi ya yi rauni zuciya ta rikice.

Ajiya ma abin lura ce a garin nan. Zafi, haske da danshi suna rage masa ƙarfi, ga Kano tana haura digiri 40 a bazara. Kada a bar shi a mota, kan taga ko kicin, kada a ɓare shi daga takardarsa a zuba a leda. A saya inda ake da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In an dace da kamfani ɗaya a zauna a kansa, in dole ta sa aka canja a sake gwaji bayan mako shida.

Da azumi: ko ta tashi da wuri ta sha rabin awa kafin sahur, ko ta buɗe baki da shi da ruwa ta yi magariba sannan ta ci, ko lokacin kwanciya in an yi awa 3 da cin abinci. Ta zaɓi ɗaya ta riƙe har sallah.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Ƙarin bayani kaɗan ga masu zuwa gwaji. Ba sai an ƙi cin abinci ba, amma da safe ya fi, kuma a riƙa zuwa a lokaci iri ɗaya, don TSH yana hawa da sauka a cikin yini. Mai shan magani in za a auna FT4 ya bari sai an ɗebi jinin sannan ya sha na ranar. Matan da ke shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu biotin su dakata aƙalla kwana biyu, yana ruɗa wasu injinan su nuna TSH ƙasa da gaskiyarsa. Kowane ɗakin gwaji da iyakokinsa, a karanta lambar da abin da aka rubuta a gefenta, kuma in da hali a riƙa komawa wuri ɗaya.

Wanda TSH ɗinsa ya fito 5, 6 ko 7 alhali FT4 lafiya lau, kada ya ruga kemis. A maimaita bayan wata biyu zuwa uku, da yawa suna komawa daidai da kansu, musamman wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba, kuma a tsofaffi ɗan hawan nan ba laifi ba ne. Yawanci sai ya wuce 10 ake fara magani, in ban da mai ciki, mai neman ciki, ko mai alamomi da anti-TPO a jini. Mai kwance a gadon asibiti da zazzaɓi mai tsanani ba lokacin wannan gwajin ba ne sai in likita na zargin tayirod ɗin ce ta kwantar da shi.

Likitan Cikin Gari ya rubuta:

Hajiya, faɗuwar gaba da gumin bayan arba'in ɗin nan sun ƙara karkata abin zuwa na bayan haihuwa. Ki sa ta faɗa wa likitanta da bakinta, tare da maganar gwaggo, ku tafi da takardar da duk abin da take sha, har saiwoyin. A nemi a haɗa da awon yawan jini. Ku sani kuma wadda ta yi shi sau ɗaya yakan dawo mata a haihuwa ta gaba, kuma ko ta warke ana son ta riƙa TSH duk shekara. In likitan ya ga buƙata zai tura ku wajen masu kula da ciwon suga da homon a Malam Aminu Kano.

Mako guda ba zai cutar da ita ba. Abin da ba a jira da shi shi ne in barci ya yi nauyi har ana tashinta da ƙyar, magana ta rikice, jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya yi ƙasa. An fi ganin wannan a tsofaffin da suka daɗe ba magani ko suka ajiye shi, galibi da hunturu, in ciwon huhu ko na fitsari ko maganin barci ya haɗu da shi. A lulluɓe da bargo kawai, kada a kawo kaskon garwashi ko a gasa jiki da ruwan zafi, don jijiyoyin fata za su buɗe awon jini ya ƙara faɗuwa. A wuce sashen gaggawa na Murtala ko Malam Aminu Kano, kuma tun daga bakin ƙofa a ce musu mai ciwon tayirod ce.